Mun yanka mata sa, ba mu san sunan mahaifiyarta ba

Makon jiya aka yi sadakar arba'in ta kakata, wadda ta haifi mahaifina, a nan Matameye. Gida ya cika har waje. 'Yan'uwa sun zo daga Damagaram da Magarya da Yamai, wasu sun tsallako daga Daura da Kano ta Ɗan Barto. An yanka sa, an dafa shinkafa buhu-buhu, an yi hayar rumfa da kujeru. Wani jikanta da ke kasuwanci a Kano ya bugo kalanda mai hotonta aka raba wa kowa, a ƙarƙashin hoton an rubuta ta rasu tana da shekara 115. Da na tambaye shi inda ya samo wannan lissafi sai ya ce ai dai ta daɗe.

Bayan la'asar liman zai yi addu'a, sai ya ce a faɗa masa sunan mahaifinta da na mahaifiyarta don a haɗa su a cikin fatiha. Na mahaifin ya fito nan take, domin yana jikin katinta na zaɓe. Da aka zo kan na mahaifiyar sai wuri ya yi tsit. 'Ya'yanta uku da suka rage suna zaune, jikoki fiye da arba'in muna zaune, tattaɓa-kunne kuwa ba a ma ƙidaya su ba. Gwaggona ta ce su dai Inna suka taso suna ji ana kiranta. Liman ya ce Allah Ya san sunanta, ya ci gaba da addu'a. Ni kuwa da na yi shekara 27 ina riƙe da alli, ina koyar da 'ya'yan mutane tarihi, na sunkuyar da kai ban ƙara ɗagowa ba har aka shafa.

Wannan kunya ce ta sa ni rubutun nan, kuma da mu malaman makaranta da iyaye nake. Mun iya yi wa tsohuwa sadaka, ba mu iya zama mu saurare ta ba. Mun mayar da girmama tsofaffi abin da ake yi da tukunya bayan an dawo daga maƙabarta. Kullum bakinmu na cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma a gidajenmu babbar tana can ɗakin ƙurya, ana miƙa mata kunu da safe, tuwo da dare, ba mai tambayar ta abin da ta hango ɗin.

Ita kanta marigayiyar ba ta taɓa cewa shekarunta kaza ba. Abin da take cewa shi ne, shekarar da Nasara ya daina kamun mutane aikin dole tana goyon fari. Duk wanda ya buɗe littafin tarihi ya san a 1946 aka soke aikin dole a ƙasashen da Faransa ke mulka. Ke nan ta kai shekara 95 ko ta ɗan haura. Da ɗayanmu ya zauna da ita na rabin sa'a da alƙalami, da ba mu buga ƙarya a kalanda ba.

Ku duba abin da waɗannan idanu suka gani. Ta ga mulkin Nasara da harajinsa. Ta ga ƙuri'ar raba gardama ta 1958 da rigimar Sawaba, wadda ta raba gidaje da yawa a ƙasar Damagaram. Ta ga ranar 3 ga Agusta 1960. Ta ga zamanin da gyaɗa ce sarauniya a wannan yanki, har aka kafa masana'antar matse mai a garin nan, mata na soya ƙuli suna sayen awaki da kuɗin hannunsu, ta kuma ga yadda fari da cutar gyaɗa ta 1975 suka durƙusar da wannan arziki. Ta ga yunwar 1973 da 1974, da hawan Janar Seyni Kunce, da zamanin samariya. Ta ga yunwar 1984, wadda mutanenmu suka laƙaba wa sunan Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Ta ga ta 2005. Ta ga lokacin da gonakinmu suka koma fili fetal, ta kuma ga dawowar gawo, wanda har masu bincike daga Turai da Amurka suka riƙa zuwa Magarya da Matameye da Mirya suna mamakin yadda manoma suka raya shi da hannunsu. Daga bakin surukarta kuma ta ji labarin Kakalaba, yunwar 1914. Tarihin shekara ɗari da goma ke nan a cikin kan mutum ɗaya, a ɗakin da bai fi taku ashirin ba daga inda nake zama ina shirya darasi.

Ni kuwa me nake yi? Ina rubuta wa yara a allo cewa an kashe Kyaftin Kazamaju a Zinder a 1898, an yi yaƙin Tirmini a 1899, an ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Su haddace, su zubo mini ranar jarrabawa, su manta. Ban taɓa ce wa ko da aji ɗaya su je gida su tambayi kakarsu abin da aka ci a shekarar Buhari ba.

Abin da ya rage mana na muryarta minti goma sha ɗaya ne, shi ma ba ni na ɗauka ba. 'Yata da ke kwalej ce ta kunna salula wata rana don tsokana, irin wasan jika da kaka. Ana jin tsohuwar tana cewa: "Ke kishiya, kawar mini da wannan abin, ki miƙo mini goro." Daga nan sai zance ya ɓalle. Ta faɗi yadda ta riƙe baki goma sha huɗu a waccan shekara. Yadda ake jiƙa dilo kwanaki ana sauya masa ruwa safe da yamma har ɗacin ya fita, domin wanda ya yi gaggawa ya ci zai kwanta. Yadda ake dafa ganyen jiga a zubar da ruwan. Sannan ta faɗi abin da ko mahaifina bai sani ba: ta zuba irin gero a tulu, ta haɗa da toka, ta liƙe bakin da laka, ta binne a ƙarƙashin gadonta, ta ce wa mazan gidan hatsi ya ƙare. Yara na kukan yunwa, ita tana kwana a kan gero. Da ruwa ya sauka a 1985, gidanmu na cikin waɗanda suka yi shuka a kan lokaci. Tana cikin bayanin wanda ta raba wa irin sai kira ya shigo wayar, ɗaukar ta yanke. Ba a sake kunnawa ba.

Na saurari wannan murya ya fi sau talatin tun rasuwarta. A tsakiya akwai inda na wuce ta ƙofar ɗakin, ana jin ta tana ce mini: "Maigida, ba ka zama?" Ana kuma jin muryata ina cewa ina sauri, zan dawo.

Kada wani ya ɗauka zancen kewa ne kawai. Tun ba a yi arba'in ba wasu mutane suka zo suka ce gonarmu ta bakin fadama tasu ce. Na sha jin tsohuwar tana cewa an taɓa jinginar da gonar nan a wata shekarar yunwa a kan damman gero, daga baya aka biya a gaban shaidu. Wace shekara? Dami nawa? Su wa suka shaida? Babu wanda ya tambaya. Ban ce masu ƙarar ƙarya suke yi ba, mai yiwuwa haka nasu kakan ya bar musu. Yanzu magana tana gaban mai gari, mu da su duk muna lalube a duhu. Yankin Kance yana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a karkarar Nijar, gonar da mutum ɗaya ya noma jiya yau magada ashirin ke kallon ta. Tun 1993 ƙasa ta yi dokar karkara wadda ta tanadi kwamitocin filaye da ke ba da takardar shaida, amma kwamiti ba ya ƙirƙiro abin da ya faru, daga bakin waɗanda suka gani yake ji. Duk tsohuwar da muka binne ba mu tambaye ta ba, mun binne shaida, mun bar wa 'ya'yanmu shari'a.

Na san abin da za a ce mini, domin na fara jin sa tun a zauren makoki.

Abokan aikina za su ce manhaja ta cika, aji ɗaya yara tamanin ko ɗari, wasu a rumfar zana, ga jarrabawa na tafe. Na sani, a ciki nake. Amma wace manhaja ce ta hana yaro ya koyi rubutu ta hanyar rubuta labarin gidansu? Muna ba su aikin gida su siffanta tashar jirgin ƙasa da ba su taɓa gani ba, sannan mu yi ta fushi don sun kawo layi uku. Yaron da aka ce ya rubuto yadda aka yi auren kakarsa zai cika shafi biyu ya nemi ƙari. A ciki akwai tarihi, akwai labarin ƙasa, akwai lissafin shekaru, akwai sunayen itatuwa da tsirrai. Kuma ba mu da uzurin harshe. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Zinder, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi a makaranta, a 2025 kuma hukuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Mun yi ta murna a Facebook. To Hausar da za mu koyar, daga ina za mu ɗebo ta? Daga fassarar littattafan Faransanci? Mai Hausar tana gida tana tsinke zogale.

Wasu kuma za su ce zancen tsofaffin mata camfi ne da tatsuniya da ragowar bori, bai kamata a cusa wa yara ba. Gaskiya ne akwai camfi a bakin wasu tsofaffi, kamar yadda yake cike da wayoyin da muka saya wa yaran da kuɗinmu. Aikin malami ke nan, ya sheƙe ya fitar da tsakuwa. Amma wanda ya ce addini ne ya hana zama gaban tsohuwa a ɗauki ilimi bai san tarihin addinin ba. Karima al-Marwaziyya ta rayu kusan shekara ɗari a ƙarni na biyar bayan hijira, manyan malamai suna tafiya Makka don su karɓi Sahihul Buhari daga bakinta. A nan ƙasar Hausa, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta tashi kai ilimi ƙauyuka, dattawan mata ta zaɓa ta naɗa su jaji, su ne suka riƙa jagorantar 'yan taru. Ita ta ga malamai a cikin tsofaffin mata. Mu kuwa da zarar tsufa ya taɓa ƙwaƙwalwar tsohuwa ta fara sambatu, wanda cuta ce da likitoci suka sani, sai a fara raɗe-raɗin mayya ce, a hana yara shiga ɗakinta. Wannan shi ne camfin da ya kamata mu ji tsoro.

Masu boko sosai za su ce ƙwaƙwalwar tsoho ba abin dogaro ba ce, tana haɗa shekaru, tana ƙara gishiri. Haka ne. Takardun da kwamandan Nasara ya rubuta su ma da nasu gishirin, kuma ba a jefar da su ba, ana gwada su da wasu. Ku dubi Baba ta Karo. Tsohuwa ce Bahaushiya wadda ba ta yi boko ba, an haife ta wajen 1877. A ƙarshen 1949 da farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da ita makonni tana rubuta abin da take faɗa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Yau ana karanta shi a jami'o'i da dama da ake nazarin Hausawa a duniya, domin a cikinsa aka ji yadda mace ta ga harin bayi da zuwan Turawa da aure da kishi da goyo da ƙawance. Da Baturiyar ta ce tana sauri za ta dawo, da shi ke nan. Abin da ke ci mini rai shi ne, a lokacin akwai dubban irin Baba daga Zazzau har Damagaram, kuma sai da baƙuwa ta ƙetaro teku aka rubuta guda ɗaya. Shekara saba'in da biyar bayan haka, da digirorinmu da wayoyinmu, Baba nawa muka ƙara?

Ba a ce ba a yi komai ba. Amadu Hampate Ba na Mali ya tsaya a taron UNESCO a 1960 ya kwatanta mutuwar tsoho a Afirka da gobarar ɗakin karatu. Bubu Hama ya yi ta tattara labaran baka a ƙasar nan, kuma tun 1968 akwai cibiya a Yamai da aka kafa don adana su, wadda yau ake kira CELHTO. Sai dai masu bincike 'yan kaɗan ne, kuma galibi ƙofar fada suke nufa, wajen maroƙa da dattawan maza masu jero sunayen sarakuna. Labarin yadda aka raya gida yana cikin gida, inda baƙo namiji ba ya shiga. Wanda ke shiga ba sallama shi ne jika, kuma jikan nan yana zaune a ajinmu kowace safiya.

Akwai wata hujja guda da na yarda tana da nauyi. Tsohuwa ta san abin da gida ba ya so a sani: wane ne asalinsa bawa, wace ce aka saka don me, wa ya ci gadon wa. A garuruwa irin namu magana ɗaya tana iya fasa aure. Don haka dole a yi abin da ladabi. Ita ke da ikon cewa wannan a rubuta, wannan a bar shi a ɗaki. Abin da ya shafi asirin gida ya tsaya wajen iyaye, kada ya je makaranta. Kuma duk yaron da ya ɗauki kakarsa ya ɗora a TikTok don a yi dariyar bakinta da ba haƙora, a karɓe wayar. Amma don tsoron ƙaya ba a barin gona ba shuka.

Wanda yake ganin na cika kuka, bari in ba shi labarin wata al'umma a arewacin Amurka da Kanada, Chippewa, waɗanda kuma ake kira Ojibwe. Daga ƙarshen ƙarni na 19 hukuma ta riƙa kwashe 'ya'yansu da na sauran 'yan asalin ƙasar tana kai su makarantun kwana masu nisa, ana hukunta yaro idan ya yi harshen uwarsa. Cikin 'yan zuriya kaɗan harshen ya koma bakin tsofaffi. Da suka farga, wajen kakanni mata da maza suka ruga. Wata dattijuwarsu a jihar Minesota, Maude Kegg, wadda aka haifa a 1904 ta rasu a 1996, kakarta ce ta raine ta, kuma labaran ƙuruciyarta da ta bayar da harshensu an buga su littafi a 1991, ana koyarwa da shi. A 2012 jami'ar jihar ta buɗe ƙamus a intanet wanda idan ka taɓa kalma za ka ji muryar dattijo yana furta ta. Su da ƙarfi aka raba su da kakanninsu, yau suna tsintar abin da ya rage ƙwaya-ƙwaya. Mu ba wanda ya ƙwace mana. Hausa ba ta mutuwa, miliyoyi na yin ta. Abin da ke cikinta ne muke zubarwa da hannunmu. Ka tambayi ɗan kwalej a garin nan bambancin maiwa da gero, ko ya kawo maka sunayen itatuwa goma da ke gonar ubansa, ka ji.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba ya bukatar tallafin kowace ƙungiya. Kowane malamin aji biyar da shida da na kwalej, sau ɗaya a zango, ya ba yara aikin zama da tsoho ko tsohuwa mafi shekaru a gidansu ko a unguwarsu. Tambayoyin su zama masu sauƙi: sunan iyayenki da kakanninki da garin da suka fito, me ya faru a shekarar da aka yi miki aure, wace yunwa kika gani, me aka ci, wace sana'a kika yi, wa ya koya miki, wane magani kike yi wa yaro in ya yi zazzaɓi ko gudawa. Yaro ya rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, duk wanda ya fi iyawa. A aji a karanta, malami ya ɗora labarin a kan shekarun da ke littafi, inda maganin gargajiya ke da haɗari ya faɗa wa yara gaskiya. A ɗinke takardun a ajiye a ofishin darakta, kwamitin iyayen yara ya san da su. Makarantar da ta yi haka shekara biyar za ta mallaki tarihin garinta wanda babu shi a Yamai, babu shi a Faransa. Malaman Islamiyya da na allo su ma abin ya shafe su, domin sanin dangi shi ne matakin farko na sada zumunci.

Mu iyaye kuma namu ya fi sauƙi. Wayar da muke sauraron wa'azi da waƙa da ita tana ɗaukar murya. A daren nan, bayan isha'i, a sayi goro na dala ashirin, a tara yara a ɗakin tsohuwa, a kunna. A fara da gonaki da iyakokinsu da bashi da jingina, a kira baligai biyu su ji, a rubuta a sa kwanan wata. A aika wa 'yan'uwa kwafi don kada waya ta faɗa rijiya da shi. Idan akwai kuɗin da ake tarawa don sadakar da za a yi mata wata rana, a ɗebi wani abu a gyara mata rufin ɗaki, a kai ta a duba idonta, a saya mata nama tana da ran ci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A unguwarmu yanzu saura tsofaffi mata biyu da suka ga zamanin Nasara da wayonsu. Na je na gaishe da ɗaya shekaranjiya, na tambaye ta ko ta san mahaifiyar kakata. Ta yi dariya ta ce ai tare suke zuwa rijiya da uwarta, ta faɗa mini sunan da garin da aka auro ta. Na rubuta a bayan kalandar nan mai shekara 115. Ranar Litinin kuma ajina za su tafi gida da tambayoyi biyar.

Allah Ya jiƙan kakanninmu, Ya yafe mana sakacin da muka yi da su, Ya ba mu ikon kula da waɗanda suka rage.